Yadda Ake Aiki da Manhaja da Wasanni a Kan Kwamfutar Gida

GABATARWA

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta shiga gidaje da makarantu da ofisoshi a ko'ina cikin ƙasar nan. Sau da yawa akan ga magidanci ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi kwamfuta domin karatun 'ya'yansa ko lissafin kantinsa, amma kafin shekara ta zagayo na'urar ta yi nauyi, ko ta ƙi tashi, ko takardun da ke cikinta su salwanta. Galibi laifin ba na na'urar ba ne. Abin da aka loda mata ne ya fi ƙarfinta, ko kuwa an ɗauko shi daga inda bai kamata ba. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a yadda kwamfuta ke tafiyar da manhaja da wasanni, da abin da ya wajaba mutum ya bincika kafin ya loda wani abu, da hanyoyin tsare na'ura da dukiya daga hasara.

1. MECE CE MANHAJA?

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai gangar jikinta, watau ƙarfe da roba da wayoyi da allo, abin da hannu ke iya taɓawa. Akwai kuma manhaja, wadda ita ce jerin umarni da masana suka rubuta domin su gaya wa na'urar abin da za ta yi, mataki bayan mataki. Idan babu manhaja, kwamfuta akwati ce kurum. Abin da ake buga wasiƙa da shi manhaja ne, abin da ake shiga intanet da shi manhaja ne, haka kuma kowane wasa da yara ke yi a kan allo.

A cikin manhajoji akwai uwa, wadda ake kira babbar manhaja. Ita ce ke fara tashi idan an kunna na'ura, ita ce kuma ke raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci, kamar yadda sarkin kasuwa ke raba rumfuna. Waɗanda suka fi shahara guda uku ne: Windows ta kamfanin Microsoft, wadda ta fara fitowa a 1985, macOS ta kamfanin Apple, da Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, ake kuma raba ta kyauta. Abin lura a nan shi ne, kowace manhaja ana rubuta ta ne domin wata babbar manhaja takamaimai. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da haruffan exe na Windows ne, ba zai buɗe haka kawai a kan kwamfutar Apple ba. Mutumin da ya sayi wasa bai duba wannan ba, ya yi hasarar kuɗinsa tun kafin ya isa gida.

2. TAƘAITACCEN TARIHI

A da kwamfuta sai gwamnati da jami'o'i da manyan kamfanoni, domin guda ɗaya takan cika ɗaki. A irin wannan na'ura ce ɗalibai a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka suka rubuta wasan Spacewar a 1962. Kwamfutar da mutum ɗaya zai iya saya ta fara bayyana cikin shekarun 1970: Altair 8800 a 1975, sa'an nan Apple II a 1977. A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM ya fito da tasa, wadda tsarinta ya zama tushen yawancin kwamfutocin da ke kan tebura har yau.

Wasanni sun taso tare da waɗannan na'urori. Wani masani a birnin Mosko, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiri Tetris a tsakiyar shekarun 1980. A watan Disamba na 1993 aka saki wasan Doom, wanda ya sa mutane da yawa sayen sababbin kwamfutoci domin su iya yinsa. Doom yana buƙatar ƙwaƙwalwa megabait 4 ne kacal. A yau kuwa manyan wasanni kan nemi gigabait 8 ko 16, watau ninki dubu biyu zuwa dubu huɗu ke nan. Wannan tazara ita ce asalin yawancin wahalar da masu tsofaffin na'urori ke sha.

3. SASSA HUƊU DA KE ƊAUKAR NAUYIN AIKI

Domin a fahimci abin da ke faruwa a cikin kwamfuta, sai a ɗauki misalin shagon tela.

Na farko shi ne firosesa, injin da ke karanta umarni yana zartarwa. Shi ne telan kansa. Gwargwadon saurin hannunsa, gwargwadon yadda aiki ke fita. Firosesar kwamfutar IBM ta 1981 tana bugawa sau miliyan 4.77 a daƙiƙa guda. Ta zamani kuwa tana bugawa sau biliyan uku ko huɗu, kuma a cikinta akwai ma'aikata da dama, tamkar teloli huɗu ko takwas ne ke zaune a shago ɗaya. Kamfanonin Intel da AMD su ne ke ƙera yawancinsu.

Na biyu ita ce ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda masu sana'ar ke kira ram. Ita ce teburin da tela ke shimfiɗa yadi. Duk manhajar da aka buɗe, sai an ɗauko ta an shimfiɗa a kan wannan tebur. Idan teburin ƙarami ne, tela zai dinga naɗe wannan yadi yana mayarwa kabad domin ya sami wurin wancan, lokaci kuwa ya tafi a banza. Shi ya sa na'ura mai ƙaramar ram ke yin nauyi da zarar an buɗe abubuwa uku ko huɗu. Haka kuma duk abin da ke cikin ram yana gogewa da an ɗauke wuta.

Na uku ita ce ma'ajiya, watau kabad ɗin shago, inda manhajoji da takardu da hotuna ke zama ko da an kashe na'ura. Tsohon samfurin faifai ne da ke juyawa a ciki, wanda ake kira haddis. Sabon samfurin, da ake kira SSD, ba shi da abin da ke motsi, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba. Sau da yawa musanya tsohon faifai da SSD shi ne gyara mafi araha da ke dawo da tsohuwar kwamfuta cikin hayyacinta.

Na huɗu shi ne katin hoto, mai zana abin da ido ke gani a kan allo. Shi ne mai aikin surfani a shagon. Don buga wasiƙa ko lissafi, ɗan ƙaramin da ke haɗe da firosesa ya isa. Wasanni kuwa wani abu ne daban. Allo na yau da kullum yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla ɗigo 2,073,600. Domin motsi ya fito sumul, ana so a sake zana allon sau 60 a daƙiƙa, watau fiye da ɗigo miliyan 124 a kowace daƙiƙa, kuma kowane ɗigo sai an lissafa launinsa da haskensa da inuwarsa. Idan katin ya gaza, sai hoton ya riƙa tsayawa yana tafiya, kamar motar da mai ya kusa ƙare mata. Nvidia da AMD da Intel su ne manyan masu ƙera waɗannan katuna.

Tilas ne sassan nan huɗu su dace da juna. Gwanin tela a kan ɗan guntun tebur ba zai yi abin kirki ba, faffaɗan tebur kuma ba ya mai da koyo gwani.

4. ABIN DA ZA A BINCIKA KAFIN A LODA

Masu rubuta manhaja sukan buga jerin buƙatunta a jikin kwali ko a shafinsu na intanet. Jerin kashi biyu ne: mafi ƙarancin abin da zai sa manhajar ta tashi, da kuma abin da suka ba da shawara domin ta yi aiki yadda ya kamata. Na'urar da ta cika na farkon kawai za ta ɗauki kayan, amma da nishi. Alal misali, Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, tana neman aƙalla ram gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64, da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi.

Mai Windows yana iya sanin ƙarfin na'urarsa ba tare da ya biya kowa ba. Sai ya danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ya rubuta dxdiag a ɗan akwatin da zai bayyana, ya danna Enter. Nan take zai ga sunan firosesarsa, da yawan ram, da irin katin hotonsa. Sai ya ajiye wannan kusa da jerin buƙatun manhajar ya gwada layi da layi.

Akwai kuma batun 32 da 64. Babbar manhaja mai tsarin 32 ba ta iya amfani da ram fiye da kimanin gigabait 4, ba ta kuma iya tafiyar da manhajar da aka rubuta domin tsarin 64. Kusan dukan sababbin wasanni na tsarin 64 ne.

Wannan bincike ya fi muhimmanci ga mai sayen kwamfuta ta hannu, irin wadda ake shigowa da ita daga ƙasashen waje ana sayarwa a manyan kasuwanni kamar Computer Village da ke Ikeja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata mai saye ya san aikin da yake so na'urar ta yi masa tun yana gida, ya kuma sa a kunna ta a gabansa ya karanta bayaninta da idonsa, kada ya dogara da takardar da aka manna a jikinta.

5. MATAKAN LODA MANHAJA

Idan an tabbata na'ura za ta iya, sai a bi waɗannan matakai:

(a) A ɗauko manhajar daga shafin mai ita, ko daga sanannen kanti kamar Microsoft Store, ko Steam, kasuwar wasanni da kamfanin Valve ya buɗe a 2003.

(b) A duba girman fayil ɗin a gwada da kuɗin data da wurin da ya rage a ma'ajiya. Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, alhali wasu manyan wasanni na yanzu sun haura gigabait 100.

(c) A karanta kowane shafi da zai bayyana lokacin lodawa. Wasu manhajoji kan zo da 'yan rakiya da ba a gayyata ba, kuma sai mutum ya cire alamar amincewa da hannunsa kafin su tsaya a waje.

(d) Idan Windows ta tambaya ko a ƙyale wannan manhaja ta yi canji a na'ura, kada a amsa da hanzari. Wannan izini mabuɗin gida ne gaba ɗaya. Idan ba mutum ne ya buɗe manhajar da kansa ba, ko bai san ta ba, to, amsar ita ce a'a.

(e) A sabunta direbobi, watau ƙananan manhajojin da ke yin tafinta tsakanin babbar manhaja da sassan na'ura, musamman na katin hoto. A shafin kamfanin da ya ƙera katin ake samunsu kyauta.

6. IDAN MANHAJA TA ƘI AIKI

Kafin a garzaya wurin mai gyara, akwai abubuwan da mai na'ura zai iya gwadawa. Da farko ya kashe ta ya sake kunnawa, domin wannan yana share teburin ram sarai. Na biyu, ya rubuta saƙon da ya bayyana a kan allo harafi da harafi, gama saƙon yakan faɗi abin da ya ɓace. Na uku, ya danna Ctrl da Shift da Esc gaba ɗaya, zai ga jerin duk abin da ke aiki da kuma wanda ke cinye ram, sai ya rufe waɗanda ba ya buƙata. Idan wasa ne ke sarƙewa, ya shiga wurin saiti na wasan ya rage yawan ɗigon allo da inuwa da sauran ƙawa. Hoton zai ragu da kyau, amma zai tafi daidai.

Tsohuwar manhaja kuma takan ƙi sabuwar na'ura. Windows tana da wata hanya ta yin shigar tsofaffin samfuranta domin irin waɗannan. Wasannin zamanin MS-DOS kuwa ana yinsu ta wata manhaja ta kyauta mai suna DOSBox, wadda ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. Masu Linux suna da Wine, da kuma Proton da kamfanin Valve ya fitar a 2018, waɗanda ke ba su damar tafiyar da manhajoji da wasannin Windows masu yawa.

7. HATSARIN MANHAJAR SATA

A kasuwanni da shagunan gyara akan sami masu loda wa mutum manhajoji masu tsada a kan 'yan kuɗi kaɗan, ko su zuba masa wasanni a filas. Yawancin waɗannan an fasa makullinsu ne ba da izinin masu su ba. Hatsarin da ke ciki iri biyu ne.

Na farko na shari'a ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta fara aiki a 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke lura da ita. Kwafa da sayar da aikin wani ba da izininsa ba laifi ne.

Na biyu na dukiya ne. Wanda ya fasa makullin manhaja yana da ikon cusa mata duk abin da ya ga dama, kuma a nan ne ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fi ɓuya. Cutar farko da ta yaɗu a kwamfutoci irin na IBM, mai suna Brain, ta fito ne daga birnin Lahore na Pakistan a 1986, ta bi faifan da mutane ke kwafa suna miƙa wa juna. Na yanzu sun fi ta mugunta ƙwarai. Wata tana naɗar duk abin da aka buga a kan maɓallai, har da lambobin sirri na banki, ta aika wa ɓarawo. Wata kuma tana kulle dukan takardun da ke cikin na'ura ta nemi kuɗin fansa. Alamar da ta fi kowace bayyana ita ce, idan umarnin lodawa ya ce a kashe manhajar tsaro tukuna. Wanda ya bi wannan umarni ya kori mai gadi ne domin baƙon da bai san fuskarsa ba. Ɗan kasuwar da ya yi haka a kan na'urar da yake shiga asusunsa na banki da ita, ya je neman ƙiba ne ya samo rama.

Wanda ba shi da halin saye yana da mafita ta halal. LibreOffice tana buga wasiƙa da lissafi, GIMP tana gyaran hoto, VLC tana nuna fim, Firefox tana shiga intanet, kuma dukansu masu su ne suka sake su kyauta ga kowa. Akwai kuma wasanni masu yawa na kyauta a sanannun kantuna.

8. SABUNTAWA DA AJIYE KWAFI

Lokaci-lokaci masu manhaja sukan gano ɓaraka a cikinta su aiko da faci. Mutane da yawa sukan ƙi karɓa domin tsimin data. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai neman fansa da ake kira WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, ta kawo cikas a asibitoci da dama na Birtaniya, har aka soke ganin marasa lafiya. Kamfanin Microsoft kuwa ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ne abin ya shafa. Rigakafi ya fi magani.

Har wa yau, kowace babbar manhaja tana da wa'adi. An daina aiko wa Windows 7 faci a ranar 14 ga Janairu 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai fa ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin lokaci. Na'urar za ta ci gaba da aiki, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna. Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauki Windows 11 ba yana iya sa mata Linux, wadda wasu samfuranta ba su da nauyi.

Kome tsaron da aka yi, wajibi ne a kwafe muhimman takardu a wata ma'ajiya dabam, a cire ta daga jikin na'ura a adana. Manhaja ana sake loda ta. Kundin ɗalibi na shekara guda ko littafin bashi na kanti kuwa, idan ya tafi ya tafi.

9. WUTA, ZAFI DA ƘURA

Babban wasa yana sa firosesa da katin hoto aiki iyakar ƙarfinsu, su kuwa su yi zafi. Idan zafin ya yi yawa, na'ura takan rage gudu da kanta ko ta mutu domin ta tsira. Saboda haka kada a ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan katifa ko matashi, inda ƙofofin iskarta za su toshe. A lokacin hunturu ƙura tana taruwa a fankar ciki, ya kamata a riƙa kai ta a busa, a kuma rufe na'ura da ƙyalle idan an kashe ta. Game da wuta, ɗaukewa ba zato yayin da ake lodawa ko sabuntawa tana iya lalata babbar manhaja ɗungum. Mai kwamfutar tebur yana buƙatar na'urar riƙe wuta da ake kira UPS, wadda ke ba shi 'yan mintoci ya adana aikinsa ya kashe cikin tsanaki, da kuma sitabilaiza inda wuta ke hawa da sauka ko ake aiki da janareta.

10. NAUYIN DA KE KAN IYAYE

Wasa yana da amfani ga yaro wajen kaifin tunani da sabo da na'ura, amma ba kowane wasa ne ya dace da shi ba. A jikin wasanni akan ga alamar shekaru. Tsarin Turai mai suna PEGI, wanda aka fara a 2003, yana sa lamba 3, 7, 12, 16 ko 18. Na Amurka kuwa, ESRB, tun 1994 yake amfani da haruffa. Ya kamata uba ko uwa su duba wannan alama. Su sani kuma wasu wasannin da ake ce wa na kyauta suna sayar da kaya a ciki, don haka kada a bar lambar katin banki a kan na'urar da yara ke taɓawa. Gwamma a buɗe wa yaro asusunsa dabam a cikin kwamfutar, wanda ba shi da izinin loda kome, a kuma ajiye na'urar a inda manya ke wucewa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar shaƙuwa da wasannin kwamfuta cikin kundinta na cututtuka. Ba a kan kowane mai wasa take magana ba, sai wanda wasa ya rinjaye shi har ya fifita shi a kan karatu da barci da hulɗa da mutane, abin kuma ya ɗore kimanin wata 12. Tsayar wa yaro lokaci tun da wuri ya fi sauƙi a kan raba shi da abin bayan ya shaƙu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Mene ne bambanci tsakanin ram da ma'ajiya? Wanne ne ke gogewa idan an ɗauke wuta?
2. Ta yaya mai Windows zai san ƙarfin na'urarsa kafin ya sayi wasa?
3. Faɗi hatsari biyu da ke tattare da manhajar da aka fasa makullinta, da manhajoji uku na kyauta da za su maye gurbinta.
4. Wane darasi ne aka koya daga abin da ya faru a watan Mayu na 2017?
5. Waɗanne matakai uku ne iyaye za su ɗauka kafin su bar yaro da kwamfuta?

Ana roƙon malaman makarantu da na azuzuwan yaƙi da jahilci, da duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa, su karanta wa waɗanda ba su sami damar karantawa ba, su kuma gwada matakan da ke sashe na huɗu tare da su a kan na'ura.